Kar ka dasa wa mutane huk a kwamfuta ba su sani ba

Shekaranjiya a buronmu nan Plateau na leƙa allon wani yaro mai sitaj, na tarar yana rubuta abin da zai dasa huk ɗin Git (ɗan shirin da Git, manhajar adana tarihin kod, ke tayarwa da kansa idan ka yi wani aiki) a kwamfutar duk wanda ya ɗauki aikinmu, ba sallama ba neman izini. Na ce ƙanena dakata. Wai "yaya ai haka ake yi yanzu". Yaran yanzu ke nan, bidiyo ɗaya a YouTube sun zama malamai.

Ni ma na tafka wannan, kuma wallahi ina da hujja, mutane na turo kod a hargitse, wannan ya bar kalmar sirri cikin fayil, wancan bai gwada komai ba, ni ke kwana gyara. Sai na ɗaura nawa a jikin npm install, umarnin da kowa ke bugawa don sauko da kayan aikin, yana kwafe huk cikin .git/hooks na kowa a ɓoye, ashe har yana danne wanda ya tarar. Wani abokin aikinmu ya rasa nasa da ya daɗe yana amfani da shi, kuma Git ba ya ajiye tarihin wannan wurin, ya tafi ke nan. Ga huk ɗin nawa sai ya gudanar da gwaji kakaf kafin kowane komit, wato adana canjin da ka yi a Git, kwamfutoci tsofaffi, kana cikin jira kuran ya ɗauke. Ba a jima ba kowa ya haddace --no-verify, umarnin tsallake huk. Har gobe ina cewa su ma akwai ragwanci, amma dai kwamfutarsu ce ba tawa ba.

Da gangan clone, wato kwafo aikin zuwa kwamfutarka, ba ya kawo huk, don huk shiri ne da ke gudana da cikakken ikonka. A Mayun 2024 da aka gano ramin da ke sa clone ya iya tayar da huk, toshe shi aka yi a Git 2.45.1, ku kuma kuna haƙa irinsa da hannunku.

Na so in jero shawara da yawa, ba za ku karanta ba. Tun Git 2.9 na 2016 akwai core.hooksPath, saitin da ke nuna wa Git inda huk yake, ka ajiye huk cikin aikin, ka rubuta layi ɗaya a README, fayil ɗin bayanin aikin, mutum ya buga da kansa. Husky, manhajar dasa huk, na yin nasa ta prepare, matakin da npm install ke tayarwa da kansa, ban ce haramun ba, ni ma ina sa shi a aikin JavaScript, kar ku tambaye ni. Gwaji mai nauyi kuwa a kai shi saba, kwamfutar da kowa ke tura wa kod, can --no-verify ba ya ceton kowa.