Hanyar Illela da Gishirin da Ke Ɓoye Cikin Ruwa

Na shiga motar Illela daga Sakkwato da sanyin safiyar Lahadi, ranar da kasuwar garin take ci, domin ina son in ga gishiri da kanwa a inda fatake ke sauke su kafin su watsu cikin ƙasa. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare, kuma narkewar gishiri tana cikin darussan da ɗalibai ke haddacewa ba tare da sun ga alaƙarsu da randar gidansu ba.

Da muka tsallake gulbin Rima muka nufi Kware, fadama ta shimfiɗu hagu da dama, albasa da tafarnuwa sun yi kore shar a tsakiyar rani. A bakin wasu fangaloli na hango farin gari-gari a kan ƙasa. Wani dattijo manomi da ke kusa da ni ya ga inda nake kallo, sai ya ce, "Malam, wagga ƙasa ta yi zartsi, ko ka ba ta ruwa shuka ba ta ƙoshi." Bayaninsa daidai ne. Duk ruwan da aka jawo daga gulbi ko rijiya yana ɗauke da gishiri iri-iri a narke, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, kuma idan ya taru shekara bayan shekara sai saiwa ta kasa zuƙar ruwa ko da ƙasar tana jiƙe.

Gishirin miya haɗin abu biyu ne, sodiyam mai cajin lantarki fozitif da kulorayid mai kishiyarsa, wato caji negetif, kuma ƙwayoyi masu caji irin waɗannan su ake kira ayon. A busasshen gishiri suna jere a tsare, kowanne riƙe da maƙwabcinsa saboda cajinsu ya saɓa. Ita kuwa ƙwayar ruwa fuska biyu gare ta: ɓangaren oksijin ya karkata ga negetif, ɓangaren haidirojin ya karkata ga fozitif. Da zarar gishiri ya faɗa ruwa, sai ƙwayoyin ruwa su yanyame kowane ayon kamar yadda 'yan kamasho ke yanyame fasinja a tasha, waɗansu su juya wa sodiyam ɓangaren oksijin, waɗansu su juya wa kulorayid ɓangaren haidirojin, har su ɓamɓare shi daga jerin su tafi da shi. Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya kawo wannan ra'ayi na rabuwar gishiri zuwa ayon a 1884; malamansa ba su gamsu ba a lokacin, amma a 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kansa. Hujja mafi sauƙi ita ce ruwan gishiri yana wuce da lantarki saboda ayon suna yawo da caji, ruwan sukari kuwa ba ya yi, domin sukari yana narkewa ba tare da ya rabu zuwa masu caji ba.

A Gwadabawa direba ya tsaya duba taya, na sauka wurin wani mai shayi. Yana ɗauraye butarsa na leƙa cikinta, na ga gindin ya yi ɓawo fari mai kauri, ya tsattsage. Na roƙe shi ya ɓanɓaro mini kaɗan da wuƙa, na ɗora a murfin gwangwanin madara, na matsa masa lemun tsami. Nan take ya soma ƙananan kumfa yana tsuwwa. Mai shayin ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe dutse muke dafawa!"

Dutse ne kuwa. Ƙarƙashin wannan yanki akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana yin siminti, wanda ya kwanta tun lokacin da teku ta rufe wurin, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Kalsiyam kabonet ne, kuma a tsabtataccen ruwa da ƙyar yake narkewa, domin kalsiyam da kabonet kowanne caji biyu gare shi, riƙonsu ya fi ƙarfin jan ruwa. Amma ruwan sama yana kwaso iskar kabon-dayoksaid daga sarari da cikin ƙasa, ya yi ɗan tsami, ya riƙa cin dutsen sannu a hankali har ya kai shi rijiya. Idan aka tafasa ruwan, iskar ta fice, dutsen ya koma dutse a gindin buta. Wannan kalsiyam ɗin ne kuma ke kama sabulu ya mai da shi dusa-dusa, shi ya sa mata ke kukan cewa ruwan wata rijiya cin sabulu yake yi, ga shi garai-garai a ido.

Mun isa Illela kasuwa ta cika, ga Birnin Ƙonni can tsallaken iyaka. Na ratsa kara na nufi layin masu gishiri, inda na tarar da jar kanwa da fara a tsibe, da kantun balma a jingine, launinsa ruwan ƙasa. Shi kantu daga Bilma ta hamadar Nijar yake fitowa, inda ake tara ruwan zartsi a ramuka rana ta ƙafar da shi, a cuɗa a zuba a mazubi, ayarin raƙuma ya ratso hamada da shi zuwa Agadas. Mai kayan ya ba ni labarin gishirin Foga na wajen Gaya ta ƙasar Nijar, inda ake kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba mata ruwa a tace, sannan a dafa ruwan har ya ƙone. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa ruwa yana kwashe abin da ke narkewa ya bar yashi, kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Lita ɗaya tana narkar da kimanin giram 360 na gishirin miya, zafi bai cika ƙara wannan adadi ba, saboda haka da ruwa ya ragu a tukunya dole gishirin ya fito.

Kanwa ce ta fi jan hankalina, domin a ganina ita ce darasin da ya kamata a fara kai wa aji. Mafi yawanta sodiyam kabonet ne da danginsa, kuma saboda sodiyam caji ɗaya gare shi, tana narkewa cikin sauƙi. Kabonet ɗinta yana kashe tsami, yana kuma kama kalsiyam ɗin da ke cikin ruwa ya kwantar da shi, wanda hakan ke sa wake ya nuna da wuri maimakon ya ƙi dahuwa. Wata tsohuwa da ke tayin farar kanwa kusa da ni ta ɓalli kaɗan ta ɗora a harshe kafin ta yarda da kuɗin. Na ce, "Inna, me kike dubawa?" Ta ce mai kyau ita ce wadda ke narkewa nan da nan ta yi yaji-yaji, wadda ta bar tsakuwa a baki kuwa rabinta ƙasa ce. Na ɗanɗana kashi biyu yadda ta koya mini, na sayi na biyun tare da gutsuren kantu, na nemi motar komawa Sakkwato kafin la'asar.