Alkahira da tafiyar Baba

Lahadi, bayan isha'i.

Tikitin jirgi ya tabbata yau da hantsi. Mu uku ne, Baba da Yaya da ni, kuma in an cire ranar sauka da ranar tashi, wuni uku cikakku za mu samu a Alkahira: Alhamis, Juma'a da Asabar. Yaya ya ɗauki nauyin biza da masauki, ni aka bar wa tsara inda za a je. Aikin da ya cinye mini yau ɗungurungum ke nan, kuma da daɗin rai na yi shi, don Baba ya daɗe yana ambaton wannan birni.

Na fara da rubuta duk wurin da wani cikinmu ya taɓa cewa yana son gani. Kafin azahar takarda ta cika gaba da baya. Da na buɗe taswira na fara ɗora wuraren nan a kai, sai jikina ya yi sanyi. Alkahira da kewayenta sun haura mutum miliyan 20, kuma cunkoson motocinta sananne ne. Wurare biyu da suke maƙwabta a taswira suna iya raba mutum da rabin safiya. Ga kuma gwiwar Baba. Abin da ya fi damuna da shi, ba ya taɓa cewa ya gaji. Zai dafa sandarsa ya bi mu duk inda muka nufa, sai dare ya yi ka ga ya kasa miƙewa daga kan darduma. Don haka na yanke tun farko cewa da ƙafarsa za a auna tafiyar nan. Abin da ba zai kai gare shi cikin natsuwa ba, ko dai a cire, ko mu je mu biyu yana hutawa.

Bayan azahar na zauna karanta tarihin garin, nan kuma kan zaren ya fito. Ashe Alkahira birane ne da aka yi ta ginawa ɗaya bayan ɗaya a gabashin Nilu, kowanne a arewa da wanda ya riga shi. Amru ɗan Asi ya kafa Fusɗaɗ a 641 bayan cin Masar. Abbasiyawa da suka karɓi mulki a 750 suka gina Askar a gefensa. Ahmad ɗan Ɗulun ya yi nasa birnin, Ƙaɗa'i, wajen 870. Sannan a 969 Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, ya zana Alƙahira, wadda sunanta ya haɗiye sauran duka. Salahuddin kuma ya fara gina ganuwarsa a kan tudu a 1176, daga can aka yi ta mulkin ƙasar har cikin ƙarni na 19. Da na gane haka, sai wuraren da ke takardata suka haɗu da kansu gida-gida. Kowane wuni unguwa ɗaya, ba tsallake gari sau biyu.

Juma'a ce ginshiƙin komai, domin abu ɗaya tak Baba ya roƙa da bakinsa. Da na kai masa shayi da la'asar na tambaye shi, ya ce, "Uwata, ni dai in Allah Ya nufa na yi Juma'a a Azhar, sauran duk ribar ƙafa ce." An fara ginin masallacin a 970, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma tun daga wancan zamani karatu ya zauna a wurin. Baba ya tashi yana jin sunan a bakin malamansa. Ba zan yarda a ce mun iso an cika sahu ya tsaya a titi ba.

Ga yadda na tsara ranar. Mota ta sauke mu da sassafe a Babul Futuh, ƙofar arewa ta tsohon birni, wadda waziri Badrul Jamali ya gina da dutse a 1087. Daga nan titin Mu'izz ya miƙe kudu har Babu Zuwaila, ƙofar da aka gama a 1092, tsakaninsu kamar kilomita ɗaya. Kilomita ɗaya ba komai ba ce ga lafiyayye, amma wannan kilomitar cike take da masallatai da makarantu da gidajen shan ruwa na sadaka, kusan kowane taku akwai dalilin tsayawa, kuma kowace tsayawa hutu ce ga Baba. Safiyar Juma'a a Masar hutun mako ne, gari kan yi tsit kafin salla, wannan ma ya dace da mu. Na zaɓi mu shiga wurare biyu kawai. Na farko masallacin Hakim da ke jikin ƙofar, mai faɗin tsakar gida, inda za a iya zama a inuwa. Na biyu ginin Sarki Ƙalawun na 1284 zuwa 1285.

Ƙalawun ɗin nan na daɗe a kansa yau. Gini ɗaya ne ya haɗa makaranta da kabarin sarki da asibiti, kuma asibitin na waƙafi ne, ana duba mai kuɗi da talaka ba a karɓar komai. Mutane sukan je Masar su dawo da labarin dalar Giza kawai, kamar tsakanin Fir'auna da yau ba a yi wasu mutane a ƙasar ba. Ni wannan asibiti ya fi taɓa mini zuciya fiye da kowane kabarin sarki. Ina so in tsaya a ƙofarsa in tuna cewa shekara fiye da 700 da suka wuce wani ya zauna ya yi tunanin gadon marar lafiya da abincinsa da maganinsa, ya kuma ɗaure dukiya don abin ya ɗore bayan ransa.

Daga can sai mu ratsa gefen kasuwar Khan Khalili mu isa Azhar tun da sauran lokaci. Ba za mu kutsa lungunan kasuwar da Baba ba, turereniyar ta yi masa yawa. Bayan salla ya koma masauki, ni da Yaya mu fito da la'asar mu ƙarasa rabin titin da ya rage, zuwa Babu Zuwaila. Ana hawa hasumiyoyin da ke kan ƙofar a hangi tsohon gari duka. A wannan ƙofa Turkawan daular Usmaniyya suka rataye Ɗuman Bay, sarkin ƙarshe na daular Mamluk da ta mulki Masar, a 1517. Gaba da ita kaɗan akwai rufaffen layin masu ɗinkin tanti, inda har yau ake ɗora ƙyalle a kan ƙyalle da hannu ana fitar da zane. Nan nake so in yi tsarabar Umma.

Alhamis ta Yaya ce. Shi dala ce ta kai shi, ni ma kuma ba zan ɓoye ba, ina ɗokin ganinta. Giza tana hayin Nilu ta yamma, don haka wuni guda aka ba ta ba tare da an haɗa ta da komai na cikin gari ba. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, ta kai kimanin shekara 4,500, kuma tsawonta na asali ya kusa mita 146. Filin rairayi ne da rana, inuwa kaɗan. Mu isa da an buɗe ƙofa, mu bar wurin kafin rana ta take. Shiga cikin dalar kuwa Yaya kaɗai zai yi, domin akwai hanyar da sai mutum ya duƙa yana hawa, ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne.

Gidajen tarihi sun ɗan ba ni wahalar zaɓi, don manya uku ne. Akwai tsohon na dandalin Tahrir da aka buɗe a 1902. Akwai na Fusɗaɗ, inda aka kai gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Sai kuma sabon babban da ke kusa da dala, wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, inda aka tara kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a 1922. Na karanta wa Baba su ukun. Da na zo kan na biyu ya girgiza kai ya ce, "Gawa gawa ce, ko ta wace ce. Ni ba zan je kallon mamaci ba." Ban ja da shi ba, kuma a raina na fahimce shi. Sabon muka ɗauka, tunda yana nan kusa da dala, tafiya ɗaya ta wadatar. Na rubuta wa kaina in bincika ko ana samun keken guragu a ƙofa, don ginin ƙato ne ƙwarai. Ko Baba zai yarda ya zauna a kai, wannan wata magana ce.

Da magariba Yaya ya kira, da zumuɗinsa. Wai a ƙara Iskandariyya, a je da safe a dawo da dare, in ya so a matsa Sakkara cikin Alhamis. Na ce, "Yaya, taura biyu ba ta taunuwa. Iskandariyya ta haura kilomita 200 daga Alkahira, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye wunin, me Baba zai gani ban da tagar jirgin ƙasa?" Ya yi shiru, sannan ya ce to Sakkara fa? Wannan ta fi yi mini zafi, domin can ne dalar Zosar mai hawa-hawa take, wadda ta girmi na Giza, kuma kusa da ita kufan Mamfis yake, babban birnin Masar na can farko. Duk da haka na cire ta. Mun rabu a kan cewa in Baba ya zaɓi hutawa da yammacin Alhamis, Yaya ya ɗauki mota ya je shi kaɗai, amma ya tuna yawancin wuraren da ake shiga da tikiti tun kafin magariba suke rufewa.

Asabar ce ta fi nauyi, ita na fi gogewa ina sake rubutawa. Da safe masallacin Amru a Fusɗaɗ, na farko a ƙasar Masar, ko da yake an rushe an sake gina shi sau da yawa har ba abin da ya rage na ginin farko. Daga nan sai Ƙarafa, tsohuwar maƙabarta, wurin Imamu Shafi'i. Ya rasu a Masar a 820, Sarki Kamil kuma ya ɗora babbar ƙubba a kan kabarinsa a 1211. Da na ambace shi fuskar Baba ta washe, ya ce, "Ai almajirin Imamu Malik ne. Kuma Laisu ɗan Sa'ad ma yana nan kusa da shi." Na duba, haka ne kuwa. Bai taɓa taka garin ba, amma ya san mazauna maƙabartarsa da sunayensu.

Rabona ni shi ne masallacin Ɗan Ɗulun, wanda aka gama a 879. Birnin da aka gina shi dominsa ya shafe, shi kaɗai ya tsaya. Tubali ne da farar ƙasa, tsakar gida mai faɗi, bakuna a jere, ba ƙyalƙyali. Hasumiyarsa matakalarta ta waje take zagayawa, irin ta Samarra a Iraƙi inda Ahmad ɗan Ɗulun ya girma. Na ba shi sa'a biyu cur a tsarin, kuma ba zan rage ba. Wuri irin wannan ba a leƙa shi a wuce. Ina so mu yi azahar a can, mu zauna, Baba ya miƙe ƙafa.

In da sauran ƙarfi, mu rufe da makarantar Sarki Hasan, wadda aka fara a 1356, inda aka ware wa kowace mazhaba cikin huɗun nan sashenta. Daga filin gabanta ana hango ganuwar Salahuddin da ƙubbobin masallacin Muhammadu Ali a sama. Hangen za mu yi. Hawan tudun da yawon cikin ganuwar sun fi ƙarfin wunin da ya riga ya cika, kuma na gwammace Baba ya ga abu huɗu ya ji daɗinsu da ya ga bakwai yana cije leɓe.

Sauran ƙananan abubuwa na tura wa Yaya a saƙo. Masauki ya zama tsakanin Tahrir da Azhar don a iya komawa hutun rana, kuma ya tabbatar akwai lifta mai aiki, domin otal-otal da yawa a tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari a saman bene suke. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, yana da sauri, har da taragun mata, amma matakalunsa ba na Baba ba ne, don haka motar Uber za mu riƙa kira. Ya zo da katin banki mai aiki a waje, don manyan wuraren tarihi da dama da kati ake sayen tikitinsu yanzu, tare da canjin fam ɗin Masar na ƙananan buƙatu. Disamba za mu je, rana da sauƙi amma dare da sanyi, sai an saka wa Baba rigar sanyi da safa, musamman tunda za a yi ta cire takalmi a kan daɓen dutse.

Na ɗauka na gama. Da na shiga yi wa Baba sai da safe, ya ce, "Uwata, Sayyida Nafisa fa? Jikar gidan Annabi ce, kuma Shafi'i ya zauna da ita." Na koma na buɗe taswira. Masallacinta yana tsakanin Ƙarafa da na Ɗan Ɗulun, a kan hanyarmu ta Asabar sosai, ba sai an karkata ba. Na saka ta bayan Imamu Shafi'i, na mayar da makarantar Sarki Hasan cikin jerin abin da ni da Yaya za mu je mu biyu. Gobe in Allah Ya kai mu zan kai Baba wurin likitansa a duba gwiwar, in kuma tambaya ko akwai abin da ya kamata ya riƙa ɗaurawa a ranakun tafiya.