Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Kunnena Ne Ya Tona Asirin Ciwon

Makon jiya na tsaya a daren da numfashina ya sarƙe, har Baban Abba ya fita neman mai keke napep a Tudun Wada da ƙarfe biyu na dare.

Shekara biyu ke nan ana ce min asma ce. Abin shaƙa kuwa, Allah kaɗai ya san nawa na ƙarar, amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Inna ta ce sammu ne, aka shiga rubutu da hayaƙi. Hayaƙin ma shi ya fi shaƙe ni, ban dai iya faɗa mata ba.

Da muka dangana da asibitin koyarwa na Shika, likitar ta saurari ƙirjina, sai ta ce in ɗaga hijabi. Kunnena na dama ya kumbura suntum, zafi rau, ni kuma tun tuni na ɗora laifin a kan ɗan kunnen yari. Ta taɓa saman, na saki ƙara. Ta matsa ƙasa, wurin huji, ko gezau.

"Hajiya, kin san abin da ya sa nan bai kumbura ba? Babu guringuntsi a wurin."

Ta shafa karan hancina da ya fara lotsawa, ta tambayi ciwon gaɓoɓi da jan ido. Duk ina da su, ban taɓa zaton danginsu ɗaya ba. Sunan cutar a bakin likitoci folikondiraitis. Garkuwar jikina ce ke cin guringuntsina, ta lafa ta dawo. Maƙogwaro kuma zobban guringuntsi ne ke riƙe da shi a buɗe, in suka yi laushi sai ya dinga rufewa duk sanda na fitar da iska. Babu gwajin jini guda da ke nuna ta, sai an harhaɗa alamomi. Hoton sikanin ma sau biyu aka ɗauka, ina shaƙa da ina fitarwa, a na biyun aka ga hanyar ta tsuke.

Aka ɗora ni a kan prednisolone, daga baya aka haɗa da methotrexate, sau ɗaya tak a mako. Numfashi ya sassauta, fuska kuma ta yi fam kamar alkubus. Maƙwabciyata har cewa ta yi, "Maman Abba, hutu ya karɓe ki!"

Ranar komawa asibiti, likita ta ajiye biro ta tambaye ni ko muna shirin ƙara haihuwa, don methotrexate ba ya shiri da juna biyu. Na kalli Baban Abba, ya sunkuyar da kai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.