Ciwon da ba ya fita a gwajin jini

Tun da na fara aikin lafiya a matakin farko a wajen Gusau, da wuya mutum ya zauna gabana ya ce baƙin ciki ne ya kawo shi. Abin da ake kawowa shi ne zafi a tsakiyar kai, faɗuwar gaba, mutuwar jiki, ko wani abu da ke yawo a jiki. A gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. A ce taifot ne, a sha magani, a dawo da katin nan da kukan nan.

Aikin ya koya mani in riƙa tambayar barci. "Inna, ya barci?" Wata dattijuwa da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensu ta yi shiru, tana murza bakin zanenta, sannan ta ce tun kafin kiran sallar farko idonta ke buɗewa, ta zauna tana tunani har gari ya waye. Surukarta ce ta ƙarasa zancen: ta bar ƙuli-ƙulin da take yi, ba ta zuwa suna, tuwo sai an matsa mata, kullum tana cewa ta zama kaya ga 'ya'yanta. Waɗannan su ne alamomin ciwon damuwa. Idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar abin da mutum ya saba so ya wuce mako 2, kusan kullum, har ya hana shi harkokinsa, to ya wuce ɓacin rai na yau da kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ya fi kama mata, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna fama da shi. Mai jego ana lura da wankanta da kununta, amma ba kasafai ake tambayarta me ya sa take kuka ita kaɗai ba. Maza kuwa sau da yawa saurin fushi ne, ko shan ƙwaya don a samu barci.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne jin ana ce wa mai wannan ciwo ba ta da tawakkali. Na ga masu tsayuwar dare da suka kamu. Addu'a tana nan, magani ma yana nan, kamar dai yadda ake yi da hawan jini.

Tambaya mafi nauyi ita ce, "Kin taɓa jin gara mutuwa?" Yin ta ba ya sa wa mutum tunanin kashe kansa, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi. Wanda ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari daga ɗaki, a tura shi wajen likita a ranar. Masu tsanani ana kai su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato.

Maganin, irin su amitriptyline, yakan ɗauki makonni kafin a ji canji, kuma ana ci gaba da shan sa watanni bayan an samu sauƙi. Shi ya sa nake kiran wanda ya rako mara lafiya ya shigo ciki, in yi bayanin a gabansa, domin shi ne zai hana a ajiye maganin a kwana na biyar a ce bai karɓe ta ba.