Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Salla Ba Alƙibla

Makon jiya na tsaya a inda aikin furoje ya ƙare, na kwaso iyalina daga Yamai muka dawo Damagaram. Abin da ban faɗa ba shi ne ciwon bayan da kujerar biro ta bar min. Kafin mu taso, wata likitar gaɓoɓi ta koya min 'yan motsi, ta ce daga yoga aka ɗauko su. Ka durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi, ka gantsare baya, ka ƙudundune shi. Ka kwanta rub da ciki ka ɗaga ƙirji a hankali. Numfashi kuma ta hanci, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, don hakan ke sa bugun zuciya ya lafa. Na riƙe su, ina yi bayan sallar asuba a tsakar gidanmu na gado da ke Birni.

Gidan gado ba ya ɓoye komai. Wata safiya Kawu ya leƙo, ya tarar da ni goshi a tabarma, na fuskanci yamma. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Kai yaro, wannan wace irin salla ce ba alƙibla?" Ina da furfura a gemu, amma a wurinsa yaro nake. Da la'asar ya tasa ni gaba sai zauren Malam.

Ban ga laifin Kawu ba, har gobe. Masu cewa yoga motsa jiki ne kawai ba su faɗi gaskiya duka ba. A Indiya ta samo asali, cikin addinan mutanen can, kuma a tsohon tsarin da ake danganta wa Patanjali, wani malaminsu na zamanin da, rassa takwas gare ta, zaman jiki reshe ɗaya ne kacal. Akwai masu rera kalmomin bauta, akwai jerin motsin da suke kira gaisuwar rana. Ba mu kaɗai abin ya dama ba: a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta, a 2009 kuma malaman Indonesiya suka haramta wadda ke haɗe da rerawar ibadar Hindu, suka bar ta motsa jiki zalla. Duk na zayyana wa Malam wannan, ban rage ba.

Ya saurara yana jan carbi. "Kana karanta wani abu in kana yi?" Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam." "Kana rusuna wa rana?" Na ce wannan jerin ban taɓa shi ba, ba kuma zan taɓa ba. "Ya taɓa hana ka jam'i?" Na ce bayan jam'in nake yi. Sai ya dubi Kawu ya ce ayyuka da niyya suke tafiya, mai ciwon baya kuwa neman magani yake. Ya ƙara da cewa in daina kifa goshi a ƙasa yara suna gani. Na daina. Kawu bai gamsu sosai ba, amma ya bar maganar.

Ciwon bayan ya yi sauƙi kafin damina. Abin da ban zata ba shi ne zaman shirun da ake rufewa da shi. In ka zauna ba waya, ba rediyo, kana bin numfashi, sai ka ji abin da zuciyarka ke taunawa. Tawa lissafin mutane take yi. Wane ya samu aiki a matatar mai tun da aka buɗe ta a 2011, yanzu ya yi bene. Wane ya sayi Hilux. Wane ya kai uwarsa Makka sau biyu. Hirar fadarmu ta shayi ke nan kullum dare, ashe ni nake kwaso ta in kwana da ita. Ƙana'a na san ta tun a makarantar allo, kowa ya san ta a baki. Ban taɓa zama na ga rashinta a jikina ba sai a kan tabarmar nan.

Ana haka aka kira ni daga Yamai: sabon furoje, albashi ya fi na da, har da mota. Na ce a ba ni lokaci, na yi istihara, na ce na gode, ba zan zo ba. Mahaifiyata ta tsufa, ƙafarta ba ta kai ta ko bakin ƙofa, kuma na gaji da ganin 'ya'yana suna barci in fita, suna barci in dawo. A fada aka ce an yi min asiri. Wani ya ce motsin Indiyawan ne ya taɓa min kai.

Uwar yara ba ta yi dariya ba. Ta bari aka ci tuwo, ta ce, "Malam, na ji ka zaɓi kwanciyar rai. To kuɗin lakwal fa? Ga-ruwa ma ya ƙara wa jarka kuɗi." Ta ba ni zuwa buɗe makarantu a watan Oktoba in nuna mata inda abinci zai fito, in ba haka ba ita da kanta za ta kira Yamai. Yadda na fara koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, da albashin da aka yanka min, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.