Abin da kujera ta ƙara wa idona

A ranar 21 ga Disamba 2020 duniyoyin Mushtari da Zuhal, wato Jupiter da Saturn, suka matso kusa da juna a sama, har tazarar da ke tsakaninsu ta koma kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata. Lokacin hutu ne, sai na aro na'urar hangen nesa ta ƙungiyar kimiyya ta makarantar da nake koyarwa, na kafa ta a filin unguwarmu bayan sallar magariba. Taurarin biyu suna can ƙasa ƙasa wajen yamma maso kudu, suna haramar faɗuwa. Yara da manya suka yi layi. Ni kuwa na shafe fiye da awa guda a sunkuye, ina saita na'urar, in matsa gefe, wani ya leƙa, in sake sunkuyawa in saita. Washegari da asuba da ƙyar na yi ruku'u.

Ciwon bayan ya wuce cikin kwana uku. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne da na zauna zan rubuta abin da na gani a littafin ƙungiya, sai na tarar ba ni da abin rubutawa sai "na ga Mushtari da watanninta, na ga zoben Zuhal". Ko yaron da ya leƙa na daƙiƙa biyar zai iya faɗin haka. A lokacin na ɗora laifin a kan hazo da ƙanƙantar madubinmu, har na fara lissafin kuɗin na'ura mafi girma.

Na'urar tamu irin wadda ake kira Dobson ce, sunan John Dobson, Ba'amurken da ya riƙa haɗa na'urori da kaya masu araha yana kafa su a bakin titunan San Faransisko don masu wucewa su leƙa. Dogon bututu ne, madubi mai faɗin santimita 20 a gindinsa, yana zaune a kan akwatin katako mai juyawa. Ɗan gilashin da ake kafa ido a kansa, wanda mu a ƙungiya muke ce wa maleƙi, yana gefen bututun kusa da baki. Don haka duk inda ka nuna na'urar, maleƙin sai ya canza tsayi. In ka nuna ta tsakar ka sai ya hau sama, in ka nuna ta gefen sama sai ya sauko. Na auna tamu da tef: santimita 125 daga ƙasa idan tana kallon tsakar ka, ƙasa da 80 idan tana kallon inda jinjirin wata ke tsayawa. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace da babban mutum a tsaye.

A nan arewa wannan bambanci ya fi tsanani fiye da ƙasashen da ake ƙera na'urorin. Muna wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka hanyar da rana da wata da duniyoyi ke bi tana ratsawa kusan ta bisa kanmu. Kaza da 'ya'yanta sukan hau har kusan digiri 78 a daren hunturu. Amma tauraron arewa bai wuce digiri 12 daga ƙasa ba, jinjirin wata da Zara kuma a ƙasa ake nemansu bayan faɗuwar rana. A dare ɗaya mai kallo zai yi sama ya yi ƙasa sau da yawa.

Abin da ban fahimta ba, duk da kimiyyar haske nake koyarwa a aji, shi ne yadda jiki ke shiga lissafin gani. Tsawon tattara hasken madubinmu milimita 1200 ne. In na sa maleƙi mai milimita 6, girman abu zai ninka sau 200. Duk hasken da madubin ya tara yana fitowa ne ta maleƙin a ɗan siririn zare mai faɗin milimita ɗaya tak, bai kai ƙwayar gero ba. Wannan zaren ne ake so ya shiga ƙwayar ido ya zauna. Mutumin da ke tsaye kuwa ba ya taɓa tsayawa cik, jikinsa kullum yana ɗan rangaji yana gyara kansa. In ya sunkuya, tsokar baya da ta wuya da ta cinya duk suna aiki, numfashi ya ƙuntata, kai ya riƙa gocewa. Sai ka ga duniyar ta bayyana, ta yi baƙi, ta dawo. In ka dafa bututun don ka tsaya, hoton ya hau rawa.

Ga kuma iska. Ko a daren da sama ta yi garau, iskar da ke tsakaninmu da taurari tana motsi kamar ruwan da ake kallon tsakuwa ta cikinsa. Hoton yakan yi dishi-dishi na tsawon lokaci, sai can ya natsu na daƙiƙa ɗaya ko biyu, komai ya fito tas, sannan ya sake ruɗewa. A waɗannan 'yan daƙiƙu ne ake ganin jan tabon Mushtari, da siririn ratar da ke cikin zoben Zuhal wadda masanin taurari Kasini ya gano a 1675. Wanda zai same su dole ya jira, ido a kan maleƙi, minti goma, minti ashirin. A sunkuye ban taɓa wuce minti ɗaya ba. Kuma a ninki 200 juyawar ƙasa tana fitar da duniyar daga fagen gani cikin kamar minti ɗaya, sai an riƙa tura bututun a hankali da yatsa. Hannun mutumin da bayansa ke zafi ba ya iya wannan tausasawa. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka suna da wata magana, cewa zama a kujera kamar ƙara wa madubi faɗi ne. Da na fara jin ta na ɗauka zuzutawa ce. Yanzu na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Na fara da abin da ke kusa. Farar kujerar roba ta taron biki tana da tsayi ɗaya ne, hannayenta suna hana matsowa jikin bututu, ƙafafunta kuma suna nutsewa a rairayi. Kujera 'yar tsugunno ta yi daidai da kallon jinjirin wata, ba ta da amfani idan abu ya hau sama. Zama a tabarma na bar shi tun daren da tocila ta hasko mana kunama kusa da ƙafar wata ɗaliba. Kujerar ofis mai tayoyi tana hawa tana sauka, amma da kaɗan, kuma a fili ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Akwai kujerun da aka ƙera musamman don wannan aiki. Wata mai suna Starbound ta ƙarfe ce, mazauninta yana tafiya daga kamar inci 9 zuwa 32, tana naɗewa. Kuɗinta da na jigila sun fi ƙarfin ƙungiyar makaranta. Abin da ya cece mu shi ne wani zane da ya fito daga ƙungiyar masu kallon taurari ta birnin Denba a Amurka, wanda aka tsara don kowa ya haɗa a gida da katako. Na zana shi a takarda na kai wa wani dattijon kafinta a bakin kasuwa.

Ya duba ya ce, "Malam, ina ramukan da mazaunin zai riƙa shiga? Ai haka zamewa zai yi."

Na ce, "Baba, nauyin mai zama ne zai riƙe shi."

Tsarin kamar tsani mai ƙafa biyu ne da ake buɗewa. Katakon gaba a jingine yake, mazaunin yana rungume da shi ta hannaye biyu, da sandar ƙarfe a bayan katakon. In ka ɗaga bakin mazaunin sai ya saki, ya zame sama ko ƙasa yadda kake so. In ka sake shi ka zauna, nauyinka zai karkatar da shi ya ciji katakon gaba da baya. Iya nauyinka iya ƙarfin riƙon. Amfaninsa a duhu ba ƙarami ba ne: da hannu ɗaya ake gyara shi, ba a neman rami, ba a kunna tocila. Ido yana buƙatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu, farin haske na ƙiftawa ɗaya kuma sai ya mayar da aikin baya.

Duk da haka Baba kafinta yana da gaskiya. Ta farko da muka haɗa mun shafa mata fenti mai sheƙi, da raɓa ta sauka sai mazaunin ya sulale da wani ɗalibi har ƙasa. Allah ya tsare bai ji ciwo ba, amma daren nan ban yi barci da daɗi ba, don yaran mutane amana ne a hannuna. Muka kankare fentin, kafintan ya yanko roba daga tsohon tiyub na mota ya manna a fuskar katakon daga sama har ƙasa. Shi ne kuma ya ce a faɗaɗa katakon da ke kwance a ƙasa ta gaba zuwa santimita 60, domin ya lura mai kallo ba gaba kawai yake karkata ba, gefe yake bin maleƙi. Ya ɗaure ƙafafun biyu da sarƙa don kada su baje, ya goge duk wata kusurwa da za ta iya datse yatsa wajen naɗewa. Waɗannan gyare-gyare huɗu daga wurinsa suka fito, ba daga takardata ba.

Wani malami daga wata makaranta ya tambaye ni wace kujera zai saya. Na ce ya fara ɗaukar tef. Ya auna tsayin maleƙinsa a sama da ƙasa, sannan ya zauna a miƙe a auna daga mazauni zuwa idonsa. Nawa santimita 75 ne. In aka cire wannan daga tsayin maleƙi, abin da ya rage shi ne tsayin da ake so mazauni ya kai. A wurina 125 a cire 75, saura 50. Na'urarsa kuwa irin mai gilashi a gaba ce, maleƙinta a gindi, saboda haka lissafinsa a juye yake: abu na hawa sama, maleƙi na sauka ƙasa, ƙasan kujerar ne ya fi masa muhimmanci. Da ya sayi irin tawa ba tare da awo ba, da ya yi asara.

Awon ne kuma ya nuna mini kuskuren da na daɗe ina yi wa ƙananan ɗalibai. Yarinya 'yar aji ɗaya daga mazauni zuwa idonta bai kai santimita 60 ba, don haka sai an ɗaga mata mazaunin kusan 70, ƙafafunta suna reto. Wanda ƙafarsa ke reto ba ya natsuwa, tsoron faɗuwa yake ji. Muka ƙara matakin ɗora ƙafa mai zamewa irin na mazaunin. Nauyin kujerar ya ɗan ƙaru, amma har yanzu ɗalibi ɗaya yana ɗaukar ta a naɗe, kuma tana shiga bayan Keke Napep tare da bututun. Na ƙi a yi ta da ƙarfe wurin mai walda saboda nauyi, da kuma sanyin ƙarfe a daren hunturu. Soso mai tauri muka sa, domin mai laushi yana lotsewa ya canza tsayin ido bayan an gama saiti.

Na kuma canza yadda nake tafiyar da daren kallo. Da layi nake jerawa, kowa ya leƙa ya wuce. Yanzu ɗalibai shida kawai nake ɗauka a dare, kowa ya zauna minti biyar a ƙalla, da takarda da fensir da jar tocila, ya zana abin da ya gani.

A watan Disamba 2024 Mushtari ta zo daidai kishiyar rana, ta hau kusan tsakar ka da tsakar dare. Muka ɗaga mazaunin, wata ɗaliba ta hau ta ɗora ƙafa a mataki. Ta yi shiru mai tsawo, tana tura bututun da ɗan yatsa. Can ta ce, ba tare da ta ɗaga ido ba, "Malam, layin nan na ƙasa ba a miƙe yake ba, akwai wani abu kamar ƙwai a jikinsa." Na ce ta zana shi yadda take ganinsa. Bayan awa ɗaya ta koma ta sake zanawa, tabon ya matsa gefe, domin Mushtari tana juya kanta sau ɗaya cikin ƙasa da awa goma. Zanen biyu suna manne a littafin ƙungiya, shafi ɗaya, da lokacin kowanne a ƙasansa.