Warsaw: Tsohon Gari da Sabon Tubali

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Berlin ya sauke ni a tashar tsakiyar Warsaw da la'asar sakaliya, sanyi har cikin ƙashi. Fitowata ke da wuya na yi kiciɓis da wani gini tsololo, kai ka ce zai tokari sama. Fadar Al'adu da Kimiyya ke nan, wadda aka gina tsakanin 1952 da 1955 da sunan kyautar Stalin ga mutanen Poland. Har gobe akwai 'yan garin da ba sa ƙaunar ganinta, don tana tuna musu zamanin da Mosko ke juya ƙasarsu. Ban daɗe a gindinta ba, ba ita ta kawo ni ba.

Washegari da hantsi na nufi Tsohon Gari. Gidaje ne sirara dogaye, manne da juna, wannan ja, wancan ruwan ƙwai, na gaba kore, da lunguna shimfiɗe da duwatsu. Wanda bai san labari ba zai rantse gine-ginen sun shekara ɗari uku a tsaye. Alhali kusan dukkansu bayan yaƙin duniya na biyu aka ɗora su.

Ranar 1 ga Agusta 1944 mutanen Warsaw suka yi wa sojojin Jamus bore, aka kwana 63 ana gwabzawa. Da boren ya karye, Jamusawa suka kwashe sauran jama'a, suka bi gari gida-gida da wuta da nakiya. Sama da kashi 85 cikin ɗari na tsohon birnin ya koma kufai. Da mutane suka dawo a 1945, sai suka ƙudurta mayar da shi yadda kakanninsu suka san shi, a ƙarƙashin masana gini irin su Jan Zachwatowicz.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda suka samo kamannin garin. Sun yi aiki da tsofaffin hotuna da awon da ɗaliban zanen gini suka yi kafin yaƙi, sannan da zane-zanen Bernardo Bellotto, mutumin Venice da ya yi wa sarkin Poland na ƙarshe aiki har ya rasu a nan a 1780. A titin Krakowskie Przedmieście na tarar da kwafin zanensa an kafa a bakin hanya. Na tsaya ina duban zane, ina ɗaga kai ina duban coci, ina ƙirga tagogi da yatsa. Mutumin bai san cewa alƙalaminsa ajiya yake yi wa jikokin jikoki ba.

Fadar sarki ita ta fi jinkiri. Sai 1971 aka fara, aka kammala a 1984, da kuɗin karo-karon jama'a na gida da na waje. Tun 1939 ma'aikatan gidan tarihi suka riƙa ɓamɓaro sassaƙe-sassaƙe da ƙyamare suna ɓoyewa, daga baya aka mayar da su mazauninsu. A gefen fadar kuwa ga karyayyen ginshiƙin Sarki Sigismund na Uku kwance a ƙasa. Tun 1644 aka kafa hasumiyar, ta faɗi a 1944, aka tayar da ita da sabon dutse a 1949. Na ɗora tafina a kan tsohon, sanyi ƙalau, duk jikinsa tabo.

Na sha jin masu cewa wannan gari kwaikwayo ne kawai. Ban yarda ba. Mutanen da suka kwashe ɓaraguzai da hannu suna kwana a kango ba wasa suke yi ba, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1980 saboda wannan aikin.

Da yamma na taka zuwa Muranów, inda Jamusawa suka killace Yahudawa, suka kuma rushe unguwar ƙurmus a 1943. A nan ba a mayar da komai yadda yake ba. Ɓaraguzan sun yi yawan da ba a kwashe su ba, sai aka baje su aka yi gini a kai, har da tubalin da aka buga daga su. Shi ya sa gidajen ke bisa 'yan tuddai a gari mai shimfiɗe. Wata tsohuwa ta wuce ni riƙe da jakar cefane, tana hawa matakalar a hankali, ni kuwa na tsaya a ƙasa na kasa ɗaga ƙafa.